Ina so in fara "talabijin ɗin gari" da ɗalibaina, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malami ne a wata sakandare a ƙauyenmu wajen Auyo, kuma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya tun ambaliyar 2022. Ruwa ya cinye mana shinkafa, ciyawar kachalla ta toshe hanyar ruwa, dattawa na zaune kan jinga sun yi tagumi, amma ba wanda ya ɗauki muryarsu, in dai ba ɗan siyasa ne ya zo rabon kaya ba kyamara ba ta sanin hanyar garinmu. To ina da yara 'yan SS2 masu kaifin baki wallahi, shi ne nake tunanin mu riƙa ɗaukar labaran gari da waya duk sati, a haska a gidan kallon ƙwallo kafin a take wasa. Sai na nemi lasisi ne? Kuma ta ina zan fara?

Wani ɗalibin aikin jarida a BUK:
Wa'alaikumussalam Malam. Lasisi hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ke bayarwa, kuma dole ne ga duk mai watsa shiri ta iska, don haka kar wani ya zuga ka ka haɗa tiransimita a ɓoye. Ku tsaya a waya da Facebook tukunna. Kuɗin farko a makirufo ɗin maƙalawa a riga za ka sa su, mutum zai jure hoto mai dishi-dishi amma murya in iska ta cika ta tashi zai yi. A kwantar da wayar, rana a bayan mai ɗauka, kar shiri ya wuce minti biyar.

Wata uwa daga Ringim:
Malam don Allah kar ka bar 'yan matan a baya. Gidan da aka rubuta "ba shiga" yaro namiji ba zai leƙa ba, su kuwa har ɗaka, su ji matsalar awon ciki da tsadar surfe da niƙa daga bakin matan da kansu. Amma ka bi iyayensu gida-gida da ƙafarka, kuma matar da ba ta son fuskarta ta fito a ɗauki muryarta kawai, da yardar mai gidanta.

Wani dattijo daga Kano:
Ɗana, mu muka ga lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa tashar talabijin ta CTV, wadda ake kira ARTV yanzu, abin da ya sa muka so ta mutum ya ga irinsa yana magana da harshensa. Kafin ka ɗauki ko hoto ɗaya je ka gaida dagaci da liman da firinsifal ɗinka. Yaro in ya kawo labarin famfo ya lalace tura shi ya ji ta bakin kansila ma, in ba haka ba gobe za a ce jam'iyya kuke wa aiki, su rufe abin, yaran kuma su kwana a ciki.

Wani mai shagon caji:
Gidan kallo maza ne kaɗai fa Malam. Kai wa masu tura finafinai a memori, ko a tura waya zuwa waya ta manhajar Xender, babu batun data, kwana biyu ya zaga gari har rugage.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, gobe bayan la'asar zan je wajen dagaci in sha Allah. Ɗan uwa na BUK, makirufo ɗin a Haɗeja zan samu ko sai na aika Kano?