"Sauri ya haifi nawa": har a aikin da wa'adinsa ya matso?

Injiniya Bala: Assalamu alaikum. Wa'adin aikinmu ya matso, kayan da muka yi oda kuma ba a san ranar isowarsu ba. Na ce a ƙaro ma'aikata, sai abokin aikina ya ce "sauri ya haifi nawa". Anya nan ne muhallinta? Ni a ganina mai garaje ake faɗa wa, ba wanda lokaci ya ƙure masa ba.

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Muhallinta ne, Injiniya. Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin manhajar OS/360 a kamfanin kwamfuta na IBM, ya rubuta a 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya makara, ƙara makarar da shi yake yi. Sabon zuwa sai an koya masa, kuma tsofaffin hannu ne za su ajiye nasu su koya masan. Kuma yawan mutane na ƙara yawan tuntuɓar juna: mutum biyar, in an ƙirga su bibbiyu, hanyoyin magana tsakaninsu 10 ne. Mutum goma, 45.

Sani: Malama, ai kuma da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Benen Empire State a Amurka cikin kwana 410 aka gama shi, a 1931. Wace nawa saurin ya haifa?

Malama Rabi: To dubi gidan wasan Opera na birnin Sidni a Ostireliya, Malam Sani. An fara ginin a 1959 tun ba a kammala zanen rufinsa ba. Ginshiƙan da aka zuba suka kasa ɗaukar rufin, sai da aka sake su. An sa ran gamawa a 1963, ba a buɗe ba sai 1973.

Baba Audu: 'Ya'yana, duk kuna da gaskiya. Sauri a kan abin da aka sani ba laifi ba ne. Wanda ke haifar nawa shi ne sauri a kan abin da ba a tabbatar ba. Kuma wani aikin bai san yawan hannu ba: kankare kwana 28 ake jira kafin a amince da ƙarfinsa, ko mutum ɗari aka tara. Injiniya, duba jerin ayyukan da in ɗaya ya tsaya duka suka tsaya, can kaɗai za ka zuba ƙarfi. Mai aikin ma ka sanar da shi tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniya Bala: Na gode, Baba. Ke nan matsalarmu kayan ne, ba ƙarancin ma'aikata ba. Gobe zan nemi dillali na biyu.