Tutar Aborijin: a hannun wa take yanzu?

Malam Habibu: Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yaba wa gwamnatin Ostireliya wai ta 'yantar da tutar Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar, a watan Janairun 2022. Harold Thomas, ɗan ƙabilar Luritja ta Aborijin, ya zana ta a 1971: baƙi a sama domin mutanen, ja a ƙasa domin ƙasarsu, rana ruwan ɗorawa a tsakiya. Yau haƙƙin mallakarta yana hannun gwamnatin da ta gaji waɗanda suka ƙwace musu ƙasa, domin mai zanen ya sayar, a cinikin da jimillarsa ta kai dalar Ostireliya miliyan 20. Ina cin gashin kai a nan?

Hajiya Bilki: Malam, cewa ya sayar ya yi tsauri. Kotun tarayya ta tabbatar a 1997 cewa shi ne mai zanen, kuma babu laifi mutum ya ci guminsa.

Alhaji Sabo: Hajiya, idan kuɗi ya shiga hannu, kaya ya fita, ai ciniki ya faɗa. Tun a 2018 ya ba WAM Clothing, kamfanin da ba na Aborijin ba, lasisin buga tutar a kan tufafi, har kamfanin ya riƙa aika wa 'yan Aborijin masu buga riguna takardar gargaɗi.

Hajiya Bilki: Lasisi haya ce, Alhaji, kuma wanda yake kwaso zanen mutane daga intanet yana mannawa a kalandar 'yan siyasa bai kamata ya koya mana haƙƙin mallaka ba.

Alhaji Sabo: Ke da kike sa dagin Arewa a kowane katin biki, wa kika taɓa biya?

Malam Habibu: Don Allah, tambayata ita ce me ya sa ba a danƙa haƙƙin ga wata majalisar Aborijin ba.

Hajiya Bilki: Sai Alhaji ya fara janye maganarsa.

Shugaban zaure: A matsayina na wanda ya daɗe yana cin abinci da zane, na fahimci an yi ittifaƙi cewa Thomas bai sayar da kowa ba, haƙƙinsa ya karɓa. Hajiya ta kawo hujja, Alhaji ya kawo faɗa. An rufe wannan batu.