Wa ɗan majalisa yake tsoro, mai ƙuri'a ko mai ba da tikiti?

Malam: Ni fa ina nan kan bakana. Ba abin da ke motsa ɗan majalisa kamar tsoron faɗuwa zaɓe. A Amurka, ranar 18 ga Janairu 2012, Wikipedia ta rufe shafinta na Turanci don adawa da SOPA, ƙudurin dokar hana satar fasaha a intanet, jama'a suka yi ta kiran ofisoshin wakilansu. Kwana biyu aka jingine ƙudurin.

Hajiya: Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Kafin ya zo gabanmu sai ya samu tikiti, tikitin kuwa yana hannun jam'iyya da daliget da ubangida. Su yake yi wa biyayya. Dubi Kenya a Yunin 2024: matasa cike da titi, amma majalisa ta amince da ƙudurin haraji. Shugaba Ruto ne ya ƙi sa hannu, bayan an zubar da jini.

Malam: To ai matsin jama'ar ne dai ya yi aiki, Hajiya.

Hajiya: A kan shugaba, ba a kan 'yan majalisa ba.

Yaya: Ku bari in sa baki. Ina ganin matsalarmu makara ce. Na taɓa zuwa zaman jin ra'ayin jama'a na wani kwamitin majalisa. Lauyoyin kamfanoni sun cika layin gaba, kowa da takardarsa a buge, sun nuna sashen da suke so a gyara, har kalmar da za a sa a madadinsa sun rubuto. Mu kuwa hannu rabbana muka je, sai ɓacin rai. Abin ya tsaya min a rai har yau, domin a ɗakin nan ake dafa doka, zauren majalisa rabawa kawai ake yi.

Ƙanwa: Gaskiyar Yaya ce. Masu fafutukar Not Too Young To Run a Najeriya buƙata ɗaya suka riƙe, wato a rage shekarun tsayawa takara, suka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, tunda gyaran tsarin mulki sai jihohi 24 cikin 36 sun amince. A Mayun 2018 aka sa hannu, shekarun takarar majalisar wakilai suka sauko daga 30 zuwa 25.

Hajiya: Wannan bai taɓa aljihun kowa ba, ƙanwata. Ku kawo min ƙudurin rage alawus ɗinsu mu ga wa zai tsaya masa.

Ƙanwa: Idan an rubuta shi, ni zan fara kai wa wakilinmu, Hajiya. Za ki raka ni?