Zan sauya diskin sabar NFS ranar Asabar, kwamfutoci 14 na jingine da shi: rsync ko dd?

Baban_Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wani ɗan situdiyon tace bidiyo a Kano, bukukuwa da talla muke yi. Sabar ɗaya ce, Ubuntu, diskin 4TB mai ext4, kwamfutoci 14 suna jan fayiloli daga gare ta ta NFS, wato tsarin raba fayiloli ta netwok. Diskin ya cika maƙil, saura 60GB. Oga ya yarda a sayi 8TB. Abin da ya hana ni barci shi ne: in kwafe da rsync (mai kwafar fayil-fayil) in ɗora sabon a /srv/aiki, ko in yi dd (mai kwafar diski sukutum yadda yake)? Yaran tacewa ba sa kashe kwamfutocinsu, wani ya bar aiki a buɗe tun Juma'a har Litinin. Ga kuma aikin wani biki da za a miƙa Talata. Wanda ya taɓa yi don Allah ya taimaka.

Sadiq_Waya: Wa alaikumus salam. Me ya kai ka NFS tun farko? Ka sa Samba, irin rabon fayil na Windows, ka huta.

Baban_Ilham: Malam Sadiq, duk Linux ne a wurin, kuma shekara huɗu muna haka lafiya.

Ɗan_Sabongari: Ku tura komai Google Drive mana.

Maman_Walid: 4TB da datar wa? Taka?

Injiniya_Tsoho: Baban Ilham, bari in ba ka misalin da nake ba yarana. Ka san katin da mai ajiyar babur ke ba ka a bakin kasuwa? Ba sunanka ne a jiki ba, lamba ce. Haka NFS take. Kwamfutar ta tambayi sunan fayil sau ɗaya, sabar ta miƙa mata kati, daga nan da katin suke magana, ba da suna ba. A sabar Linux abu uku ne muhimmai a cikin katin: lambar da ke nuna wane diski ne, wato fsid, wadda yawanci daga UUID (lambar shaidar diskin) ake ciro ta, lambar inode ta fayil ɗin (lambar da diski ya san fayil da ita), sai lambar zubi, don in an goge fayil aka ba wani sabo inode ɗinsa, tsohon kati ba zai buɗe sabon ba. Katin NFSv2 bait 32 ne, na v3 har 64, na v4 har 128. Kwamfutar ba ta karanta abin da ke ciki, riƙewa kawai take ta mayar.

To rsync sunaye da abin da ke ciki yake kwafewa. Sabon diski, sabon UUID, sabbin inode. Duk katin da ke hannun kwamfutocinka 14 ya tashi aiki. Buga ls -i a kan fayil ɗaya a tsohon da sabon, za ka gani da idonka.

Sadiq_Waya: Ya sa fsid=1 a /etc/exports kawai, shi ke nan.

Injiniya_Tsoho: Wannan kashi ɗaya ka gyara cikin uku, ɗana. Inode ɗin fa?

Abu_Hanif: Ku tsaya in ba ku labari, don har yau in na tuna raina ɓaci yake. Shekara biyu da suka wuce na yi irin wannan aikin a wani wuri, ba zan kama suna ba. Na yi rsync daren Asabar, na ɗora sabon diski, na gwada da laftof ɗina, komai tas. Na tafi gida ina jin kaina.

Litinin ƙarfe tara waya ta fara ruri. Duk wanda ya taɓa folda sai ya ga “Stale file handle”, wato katinsa ya tashi aiki. Ina cikin adaidaita a go-slow, na ce wa wani yaro ya kashe kwamfutarsa ya kunna. Ashe daidai lokacin an ɗauke wuta, sabar ba ta gama tashi ba, maunt ɗin, wato haɗa foldar kwamfutar da ta sabar, bai kama ba. Foldar /mnt/aiki tana nan dai, amma fanko, a kan diskin kwamfutarsa. Yaron bai ce komai ba, ya ɗauka na share tsofaffin ayyuka ne. Ya juye katin kyamara a ciki, ya goge katin, aka fita wani aikin da shi, ya wuni yana tace bidiyon kamu da dina. Washegari ya kunna, maunt ya kama, ya rufe foldar ruf. Aiki ya ɓace ɓat.

Mai wurin ya tara ma'aikata ya ce ni na goge. Uwar amarya ta zo da kanta, ta zauna a kan kujerata, ta ce ba inda za ta sai an ba ta bikin 'yarta. An yanke min rabin albashi. Sai bayan mako uku, ina duba me ya cinye diskin kwamfutar yaron, na yi umount, wato na cire maunt ɗin, ga fayilolin nan zaune suna kallona. Ko “yi haƙuri” ban samu ba, balle kuɗina.

Maman_Walid: Innalillahi. Allah ya saka maka. Shi ya sa nake yi wa foldar maunt chattr +i, wato in kulle ta, tun tana fanko, in maunt bai kama ba babu mai iya ajiye komai a ciki.

Ɗan_Sabongari: Auren dai yana nan ko shi ma ya zama stale?

Abu_Hanif: Kai dai ba ka da kirki wallahi. 'Ya'yansu biyu yanzu, tagwaye.

Habu_Damagaram: Ni dd na yi a nan Zinder, ba wanda ya ga kuskure, don UUID da inode duk suna bin ka zuwa sabon. Sai ka faɗaɗa fatishin, ka yi resize2fs don ext4 ɗin ya cika sabon wurin. Amma ka cire tsohon diskin, kada ka bar biyu masu UUID ɗaya a jiki. Kuma ka yi lissafi: 4TB a gudun 150MB a daƙiƙa ya haura awa 7, sabar a tsaye ba mai rubutu. In ka juya if da of (inda dd zai kwaso da inda zai zuba) kuwa, sai dai addu'a.

Baban_Ilham: Awa 7 ba a ɗauke wuta ba? A unguwarmu? Af, nawa ake sayar da 8TB yanzu? An ce min dubu 280 a Farm Centre.

Sadiq_Waya: An cuce ka. Dubu 190 na saya a Computer Village wata uku da suka wuce.

Maman_Walid: Tokunbo ka saya, Sadiq. Duba awanninsa da smartctl ka dawo mu yi magana. Na sabar na gaske ni sai da na biya kusan 400.

Habu_Damagaram: Nan jaka 130 na sefa aka ce min, amma ku da Nairarku kullum sabon lissafi.

Sadiq_Waya: Kowa sai ya gyara min magana. Ni fa ina da satifiket na Linux, ba a bakin titi na koya ba.

Injiniya_Tsoho: Allah ya sa albarka. Sun Microsystems ta fito da NFS a 1984, ni kuma na fara taɓa ta tun v3 tana sabuwa. A da lambar na'ura ake sakawa a katin, diski ya tashi sdb yau, gobe sdc, kowa ya ga stale ba wanda ya taɓa komai. Wannan satifiket ba ya koyar da shi.

Maman_Walid: Baba, da girmanka, amma shekaru ma ba hujja ba ne. Duk kun manta abu mafi sauƙi: ya sa kowa ya rufe aikinsa ranar Juma'a, a yi umount a kwamfutoci 14, ya yi rsync -aHAX, Litinin kowa ya karɓi sabon kati. Katin da ba ya hannun kowa ba ya lalacewa. Kuma ya jira sai an miƙa bikin nan Talata, gaggawar me ake?

Abu_Hanif: Yaya, faɗa ne da sauƙi. Ka ce wa mai tacewa ya rufe aikinsa, sai ya ce “saura kaɗan” har Magariba. Ni duk matsalar ma ba NFS ba ce. Da mai wurin nan ya sayi batirin UPS da na roƙa wata shida, da sabar ba ta mutu ba ranar.

Ɗan_Sabongari: Wannan kuma cutar kowa ce. Namu Ogan ya sayi kujerar fata ta ofis, UPS kuwa tana kuka kamar kyanwa tun azumi.

Habu_Damagaram: Namu cewa ya yi ai janareto na nan. Na ce kafin a ja igiya fa?

Baban_Ilham: Na gode ƙwarai. Na yi wa Oga maganar ɗagawa zuwa Asabar ta sama, ya ce 60GB ba za ta kai mu Laraba ba, akwai suna biyu gobe. Yanzu kuma da kuka tuna min na je na cire wayar UPS ɗinmu don gwaji, minti biyu bai cika ba ta ɗauke. Batir 12V 9Ah guda biyu nawa ne yanzu, kuma wa ya san inda ba za a haɗa ni da jabu ba?