Ina na kuskure a fassarar "chiesa a tre navate"?

Ɗan Magini, Ringim

Assalamu alaikum. Na yi shekara shida ina aikin masana'anta a arewacin Italiya, a can na koyi harshensu. Da na dawo ƙauyenmu kusa da Ringim sai na kama fassara ta intanet, daga Italiyanci zuwa Turanci, galibi takardun haya da wasiƙu. Makon jiya wata mata ta turo min shafi 12 na bayanin wata tsohuwar majami'ar ƙauye a yankin Toskana, za a buga wa masu zuwa ziyara. Kwana uku na yi a kai, ina kai kwamfutar caji shagon mai sola, ina aiki da dare bayan mun dawo daga girbin gero.

Ta dawo min da shi duk ja, tun daga layin farko. An rubuta "chiesa a tre navate", na sa "three naves". Tre uku ne, ƙamus kuma ya ce navata ita ce nave. To ina laifina? Ta ja layi a "del Trecento" da na sa ƙarni na 13, da "pieve" da na bari a "church". Abin ya tsaya min a rai, don mahaifina magini ne, a cikin tubali da azara na tashi. Ku taimaka.

Malamar Zane, Ɗambatta

Wa alaikumus salam ƙanena. Ƙamus bai yi maka ƙarya ba, ƙirgen mutanen biyu ne ya bambanta. Ka ɗauka ka shiga majami'ar ta babbar ƙofa: ga doguwar hanya mai faɗi a tsakiya, ga jerin ginshiƙai dama da hagu, bayan kowane jeri kuma ga wata siririyar hanya mai gajeren rufi. Ɗan Italiya duk ukun navata yake ce musu. Baturen Ingila ta tsakiyar kaɗai yake kira nave, na gefen sunansu aisles. Don haka sai ka rubuta "a nave and two aisles". Idan ka ci karo da cinque navate, wato navata biyar, kamar babbar majami'ar Pisa ko ta Milan, ka ce "a nave with double aisles". Asalin kalmar daga Latin ne, navis, wato jirgin ruwa.

Trecento kuwa shekarun 1300 ne, sun yar da dubun ne a baki, saboda haka ƙarni na 14 kenan. Quattrocento ƙarni na 15. Ka kuma kiyayi duomo: ba dome ba ne, babbar majami'ar gari ce, daga domus, gida. Ƙubbar ita ce cupola, irin wadda magini Brunelleschi ya ɗora wa babbar majami'ar birnin Fulorens daga 1420 zuwa 1436. Ɗalibaina kullum a nan suke tuntuɓe.

Tsohon Magini, Kazaure

Yaro, ni ban san Italiyanci ba, jikana ne ya karanta min tambayarka, shi ne kuma yake rubuta amsar. Amma na yi shekara arba'in ina ɗaurin guga, wato rufin soro mai lanƙwasa da ake ɗaurawa da azara da ƙasa. Ka tambayi babanka, ba a yi wa rufi suna sai an ɗaga kai an ga inda nauyi ya zauna. Babban Gwani Mika'ilu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, duk wanda ya shiga ya ga bakan gizo, wato lanƙwasassun azaran da aka shafe da ƙasa, sun taso daga ginshiƙi sun haɗu a sama, ya san abin da ke riƙe da tulluwa. Wanda bai gani ba ko an faɗa masa sau goma soro kawai zai ce. Ka roƙi matar nan hotunan cikin ginin, ka fita tsakar gida ka zana shi a ƙasa da kara, sannan ka koma kan takardarka.

Malamar Zane, Ɗambatta

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗora a kan rufin. Volta a botte kamar ganga ce da aka tsaga gida biyu aka kife, barrel vault. Idan ganga biyu suka gitta juna ka sami volta a crociera, kuma a nan hoto zai cece ka: in mahaɗar tsirara ce, groin vault, in akwai haƙarƙari a fili da suke kira costoloni, kusan yadda bakan gizo ke fitowa a ɗaurin guga, rib vault ne.

Katikis, Sumaila

Salama gare ku. Malam, kan pieve zan sa baki. A zamanin da, ita ce uwar majami'un karkara, wadda ke da izinin baftisma, ƙananan ƙauyukan kewaye duk can suke kai 'ya'yansu. Kwatanci mafi kusa a wurinmu shi ne yadda mutanen ƙauyuka ke tattaki zuwa masallacin Juma'a na garin dagaci. Ka bar kalmar yadda take, ka bi ta da "rural parish church" a karon farko kawai. Kuma in ka ga presbiterio, wurin da bagade yake ne, ka sa chancel. Presbytery a bakin 'yan Katolika da yawa gidan Fada ne, wato limamin coci, mai ziyara sai ya fita waje neman gida.

Ɗan Magini, Ringim

Allah ya saka muku da alheri, Baba, Malama, da kai Malam Katikis. Ta turo hotuna takwas. Na zana ginin a tsakar gida bayan La'asar, mahaifina ya zo ya tsaya a kai da butarsa, ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Ya ce tsakiyar nan ai ba ɗauri ba ne, itace aka gitta. Na koma takardar, ashe an rubuta "capriate lignee", wato katakon da ke riƙe da jinka, ni kuwa vault na sa. Matar ma ba ta kama wannan ba. Na gyara zuwa "timber trusses". Saura matroneo a shafi na 9, Malama, in kin sami sarari gobe.