Abin da aka tattauna kan nazarin Pride and Prejudice

Jama'a, zancen ya yi tsawo, ga abin da na tsinto kan littafin nan da Jane Austen ta fitar a 1813.

1. Kusan kowa ya ce a fara da maganar gado. Gidan Longbourn ba zai koma hannun 'ya'yan Bennet mata biyar ba, Collins, wani ɗan'uwan babansu, shi ne magaji. Wanda bai gane haka ba sai ya ɗauka uwarsu rawar kai kawai take yi wajen nema musu miji.

2. A lura da wuraren da ke cikin labarin. A Pemberley, gidan Darcy da ke can Derbyshire, Elizabeth, ta biyu cikin 'ya'yan Bennet, ta ji mai kula da gidan tana yabon Darcy, attajirin da ta ƙi aurensa a baya, zuciyarta ta ƙara sanyi.

3. Wasiƙar da Darcy ya rubuta wa Elizabeth a babi na 35, a karanta ta sau biyu. Girman kai da saurin yanke hukunci, dukansu biyun suna da shi.

4. Kan Charlotte Lucas, ƙawar Elizabeth, aka rabu. Wasu sun ce kwaɗayin rufin asiri ya sa ta auri Collins. Wasu suka ce mace mai shekara 27 ba dukiya, a Ingila ta wancan zamani, dabara ta yi. Ni dai ina tare da na biyun.