Motsa jiki: sai an sha wuya ne ake samun amfani?

Mai Tumbi:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Shekarata 43, zaman shago nake tun safe har magariba, rabona da gudu tun muna buga ƙwallo a layi kafin aure. Watan jiya likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage gishiri in riƙa motsa jiki, sai na je wani jim, wato gidan motsa jiki, a unguwarmu na biya kuɗin wata guda. Ranar farko koci ya haɗa ni da yaran nan 'yan shekara ashirin, tsalle, kwanta, tashi, ko minti goma ba a yi ba jiri ya ɗebe ni kamar zan yi amai, na koma gefe ina haki suna satar kallona. Kwana uku a zaune na yi sallah saboda cinyoyi. Ban sake leƙawa ba, yanzu ko takalmin na gani a bayan ƙofa sai gabana ya faɗi. Kocin ya ce in ba ka ji a jikinka ba to wasa ka yi. Wai haka ne?

Tsohon Ɗan Ƙwallo:
Wa alaikumussalam Alhaji. Wannan maganar ta 'yan ƙwallo ce masu neman shiga kulob, kai lafiya kake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, ka ga zaɓi aka ba ka. Minti 30 sau biyar a sati ka cika 150 ɗin. Yadda za ka gane matsakaici kuwa, kana tafe kana iya hira amma ba za ka iya rera waƙa ba. In magana ta koma kalma biyu uku sai ka ja numfashi to ka tsallaka zuwa mai ƙarfi, kuma daidai nan ne daɗin yake guduwa ga wanda bai saba ba. Ciwon cinyar nan ma ba alamar nasara ba ce, naman jiki ne ya gamu da aikin da bai sani ba, yakan fi tsanani kwana ɗaya zuwa uku sannan ya sake ka.

Uwar Biyu:
Yaya ni abin da ya riƙe ni shi ne ba mai ba ni umarni. Bayan asuba muke fita da maƙwabciyata da hijabanmu, ran da na ji ƙarfi in ɗaga ƙafa ran da yaro ya hana ni barci mu tafi a hankali muna gulmar tsadar kayan miya. Da farko daga gida zuwa gidan mai ne in dawo ina nishi, yanzu wata bakwai muna wuce shi ban ma lura ba. Rannan na hau bene hawa biyu da jarkar ruwa na tsaya a sama ina mamakin kaina wallahi.

Ɗan Auta:
Ni fa Kawu tafiya zalla gundurata ta yi, sati biyu na watsar. Wani tsari na bi na hukumar lafiyar Ingila, Couch to 5K, mai koya wa wanda bai saba ba gudun kilomita biyar, sati tara ne sau uku a sati, satin farko gudu minti ɗaya tafiya minti ɗaya da rabi kana maimaitawa. Da yake ka san minti ɗaya ne kawai za ka daure, in ya ƙare sai ka ji kamar ka ci kofi. Amma ni na zaɓa da kaina kuma ba mai kallona, kai tunda akwai maganar hawan jini ka fara tambayar likitanka kafin gudu.

Tsohon Ɗan Ƙwallo:
Ƙwarai Auta. Kuma Alhaji in ka ji ƙirji ya ɗaure ko jiri irin na ranar nan, tsayawa za ka yi ka nufi asibiti, ba jarumta a nan.

Mai Tumbi:
Na gode Allah ya bar zumunci. Yau da safe na bar mashin a gida na taka zuwa shago, minti 22 a agogon waya, na iso da ɗan gumi har yaron shago yana tambayata ko mai ne ya ƙare.